Shagon tsoffin littattafan Baba da ƙamus ɗin Zulu da na saya a wajensa

Jama'a ni dai na ga ya kamata in faɗi alherin wani dattijo mai sayar da tsoffin littattafai can wajen Kasuwar Barci a Tudun Wadan Kaduna, shagon ma ko allo ba shi da shi, kowa Baba yake ce masa.

Ƴata ce aka ba su asaimen a jami'a kan sarautun gargajiya na Afirka, ita sai ta faɗa kan Zulu na Afirka ta Kudu, wai ta yi bayanin kalmar indaba. Muka sa kalmar a manhajar fassara da ke wayata sai ta ce mana "labari", a wani shafin kuma aka ce majalisar dattawa ce, yarinya ta rasa wanne za ta kama, ta ce Abba ni fa kaina ya kulle. Ranar Asabar na hau keke napep na nufi wajen Baba tunda can na saba sayen littattafan makarantarsu.

Ina faɗa masa abinda nake nema ya ce Malam zauna tukuna, ya miƙo min benci, ya shige can ciki ya fi minti 20 yana ɗaga kwalaye, sai ga shi da wani ƙamus na Zulu da Turanci bangonsa ya ɓare an liƙe da salatif, takardun duk sun yi ja. Na buɗe wajen harafin i ina ta neman indaba babu ita, har na fara cewa Baba anya littafin nan cikakke ne kuwa. Ya karɓa ya gyara tabarau ya koma shafukan farko da ba wanda yake karantawa, can ya ce ai ga shi nan sun yi bayani, ba da farkon kalma ake nema ba, da saiwarta ake nema. Ashe wannan in- ɗin ɗafi ne da ake liƙawa a farkon kalma, sai ka je harafin d ka nemi daba. Shi ma fa ba ya jin Zulu ko kalma ɗaya, haƙurin karatu ne kawai irin na mutanen da.

To abinda muka gani ya warware komai. Asalin indaba magana ce, al'amari, batun da za a tattauna, shi ya sa jam'inta izindaba yake nufin labarai, kenan manhajar ba ƙarya ta yi ba rabi kawai ta kawo. Daga nan ne zaman da manya suke yi a kan maganar shi ma ya zama indaba. Wallahi nan take na tuna yadda muke cewa "akwai magana" in mai unguwa ya aiko a tara dattawan layi, ko a ce "ana zaman maganar filin nan", kusan abu ɗaya ne. Ita kuwa majalisar kanta, wato mutanen da suke zama tare da sarki suna ba shi shawara, ibandla ake ce mata, kuma yanzu har jama'ar coci ma ibandla suke cewa. Sai imbizo, taron da sarki yake kira, daga biza wato kira. Induna kuma shi ne kamar dagaci ko wani babban bafade, jam'i izinduna, inkosi shi ne basarake. Wannan bambancin na indaba da ibandla shi ne ƙashin bayan asaimen ɗin gaba ɗaya kuma duk yawon da muka yi a waya ba mu ci karo da shi a fili haka ba.

Daga baya ita ƴar tawa ta ƙara da cewa a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Durban ta Afirka ta Kudu a 2011 salon indaba aka yi amfani da shi don wakilai su zauna su faɗi matsayarsu ido da ido, aka sake yin haka a Paris a 2015, abin ya burge ni sosai.

Inda shagon ya gaza kuwa, babu tsari ko kaɗan, littafin lissafi kan na tarihi kan na girki, in ba Baba yana nan ba yaron shagon ba zai iya nemo maka komai ba, ga ƙura, mai asma ya tafi da takunkumi. Ba ya karɓar turansifa kuma, sai da na fita neman mai POS cikin rana. Ƙamus ɗin ma shafuka 4 sun fita a wajen harafin s, amma shi da kansa ya nuna min kafin in biya, ya kuma rage min kuɗi saboda haka ba tare da na roƙa ba.

In za ku je ku je da safe kafin azahar, da tsabar kuɗi a aljihu, kuma kada ku je kuna sauri. Ya ce min yana da na Swahili ma a wani kwali, sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma in duba.