GARGAƊI: Mai sayar da samfurin jiragen ruwa a Instagram ya cinye min dubu 185

Jama'a, tun jiya nake rubuta wannan ina gogewa, kunya ce ke hana ni. Naira dubu 185. Dubu 185 cif, a kan jirgin da ko ƙusarsa ban gani ba.

Baba ya yi aikin sojan ruwa, kuma duk wanda ya taɓa zama a falonmu na Kubwa ya san ba a tashi hira sai ya sako zancen NNS Aradu, jirgin yaƙin nan da ya fara aiki a 1982. Sai na ce bari in yi masa ba-zata, a ƙera masa ɗan ƙaraminsa na ajiyewa a falo. Haka na faɗa shafin mutumin nan.

Kafin wani ya ce min wawa, ku tsaya ku ji. Ni ɗan kasuwa ne, na san ɗan damfara tun daga sallamarsa. Wannan bai fara da maganar kuɗi ba. Cewa ya yi, "Yallaɓai, wane sikeli kake so, 1:200 ko 1:350?" Na ce ban gane ba. Ya ce tsawon Aradu mita 125 ne da ɗoriya, to a 1:200, wato in aka rage girmansa sau 200, zai fito wajen santimita 63. Na ɗauko kalkuleta na buga, haka ne. Ya ƙara da cewa kamfanin Blohm+Voss na Hamburg ne ya ƙera shi, wanda ya ƙera jirgin yaƙin Bismarck na Jamus da Turawan Ingila suka nutsar a watan Mayun 1941. Na duba, nan ma haka ne. Wallahi a nan ya gama da ni. Har yanzu ina jin muryarsa, "wane sikeli kake so". Ɓarawo ne zai tambaye ka sikeli?

Dubu 120 na fara turawa, kafin alƙalami. Bayan kwana 9 ya ce sai da akwatin gilas saboda ƙurar Abuja, dubu 40. A'a, na yi tsallake, kafin gilas ɗin akwai bidiyo. Ya turo min bidiyon samfurin HMS Victory, jirgin katako mai tafiya da iska wanda Nelson, kwamandan sojan ruwan Ingila, ya shiga yaƙin Trafalgar da shi a 1805, igwa 104, igiyoyi sirara kamar saƙar gizo-gizo, ana ɗaura su da ɗan hantsaki. Ya ce aikin hannunsa ne. Na kalla ya fi sau 10, ban lura ba ko sau ɗaya ba a nuna fuska ba, hannuwan ma cikin safa suke. Ɗan yayata ne shekaranjiya ya saka hotunan a Google, cikin minti 2 suka fito a shafin wani Bature. Har na jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus da ya ce wani babban soja a Asokoro ya saya, duk na sata ne.

Sunan da ke kan asusun ma ba nasa ba ne, wai na matarsa ne. Uwargida ta ce, "Maigida, ka taɓa ganin mutumin nan ido da ido?" Na ce shagonsa na Wuse ake gyara, yana Legas. Har na yi mata faɗa. Allah Ya huci zuciyarta.

Na ƙarshen ne ya fi ci min rai. Wani ya kira wai direba ne, kwalina na hanya, in tura dubu 25 kuɗin kaya. Na tura. Na je tashar Jabi na tsaya tun la'asar har aka kira isha'i, ina leƙa but ɗin kowace mota kamar ɗan dako. Lambar direba a kashe. Na buɗe Instagram, an yi min bulok. 120, 40, 25, ku haɗa da kanku.

Hotunan hirarmu da rasit 3 na tiransifa suna nan, zan saka su da daddare in na rufe lambobina. Na kai ƙorafi banki, sun ba ni fom.

Kada ku tura ko sisi sai kun riƙe jirgin a hannu, ko ya yi kiran bidiyo ya ɗaga shi kuna gani.

Baba bai sani ba har yanzu. Jiya ya tambaye ni me ya sa na kwashe kayan kan kabad ɗin falo na bar wurin fayau, na ce masa shara nake yi.