Greaseweazle: Na'urar Ceto Bayanai Daga Tsofaffin Faifan Fulofi

Duk wanda ya gaji akwatin faifan fulofi daga wani ofis ko makaranta yakan fara ne da sayen injin karanta faifai na USB, sannan ya tarar cewa injin ba ya gane komai sai faifan PC mai inci 3.5, na 720KB ko 1.44MB. Faifan kwamfutar Amiga mai 880KB da na tsohuwar Macintosh mai 400K ko 800K ba sa buɗuwa a cikinsa, faifai mai inci 5.25 kuwa ko shiga ba ya yi. A nan ne Greaseweazle, ƙaramin allon lantarki mai haɗa tsohon injin fulofi da kwamfuta, wanda Keir Fraser ya ƙera, kuma ya bar tsarinsa da manhajarsa a buɗe ga kowa, yake nuna amfaninsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake karatu. Ba ya neman fayil ko sunan fayil; yana naɗe sauye-sauyen maganaɗisun da ke jikin faifan ne, layi bayan layi, ya adana su a wani nau'in fayil da ake kira SCP. Daga wannan kwafin ake fitar da bayanan daga baya, ko da a yau ba a san irin kwamfutar da ta rubuta su ba. Muhimmancin wannan babba ne, domin tsohon faifai yakan ƙara lalacewa duk lokacin da aka juya shi, kuma wani ba zai jure karatu na biyu ba. Na ga faifan da Windows ta ce sai an goge shi kafin a yi amfani da shi, amma bayan an naɗe shi ta wannan hanya aka fitar da takardun manhajar rubutu ta WordPerfect da ke ciki, in ban da 'yan sassan da fumfuna ta riga ta ci.

Sai dai ba kayan da za a jona kawai a kama aiki ba ne. Dole mutum ya nemo tsohon injin fulofi mai lafiya da wayarsa mai fil 34, kuma injin inci 5.25 yana buƙatar wutarsa daban mai bolt 12 da bolt 5. Manhajar, wadda ke aiki a Windows da Linux da macOS, ta rubuta umarni ce, abin da zai iya sanyaya gwiwar ma'aikacin adana tarihi da bai saba ba. Kuma na'urar ba ta wanke faifai: mai fumfuna sai an share shi a hankali da sinadarin isopropyl tukuna, idan ba haka ba zai ɓata kan da injin ke karatu da shi, ya kuma karce faifan da ke biye.

Kamfanin Sony ya daina yin fulofi tun 2011, injinan da suka rage kuma kullum raguwa suke yi. Ina ba duk ɗakin karatu ko ma'ajiyar tarihi da ke riƙe da irin waɗannan faifai shawarar ta sayi Greaseweazle, ta koya wa ma'aikaci ɗaya aiki da shi, kuma ya tabbatar ya kulle kowane faifai daga rubutu kafin ya sa shi a injin.