GARGAƊI: Baht 14,000 na tura wa ɗan damfara da sunan zai kai surukuwata masallacin kan ruwa daga Phuket

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana tara da dawowarmu, kuma har yanzu in na kwanta, abin da ke fara dawo mini shi ne tambayar da mutumin nan ya yi mini a kan gwiwar surukuwata Hajiya. Na so in yi shiru saboda kunya. Amma jiya na ga shafinsa ya canja suna, ya koma tallan Langkawi, wani tsibiri a Malesiya, da hotunan nan dai, da kalaman nan dai, sai na ga in na ci gaba da shiru to taya shi nake yi.

Baht 14,000. Dubu goma sha huɗu, kuɗin Tailan. Baht 9,000 kafin alƙalami, sannan baht 5,000 daga baya. Ba mu taka ko kwale-kwale ba, ba mu ga ko ƙeyar direba ba.

Shekarata shida a Malesiya. Bana Allah ya nufa na kammala karatu, Hajiya, mahaifiyar uwargidana, ta zo bikin yaye mu tare da ƙanin uwargidan. Baiwar Allahn nan ita ta riƙe mini iyali shekara biyu cur kafin in samu halin ɗauko su, ba ta taɓa buɗe baki ta ce mini ga abin da ta kashe ba. Shi ya sa na yi ta tari don in yi mata wani abu da za ta tuna. Bayan duk wahalar biza, muka shiga jirgin ruwan shaƙatawa daga Singafo, kwana huɗu, ya tsaya Penang, ya tsaya Phuket a Tailan, ya dawo. Mu shida ne har da yara biyu.

Wanda bai taɓa shiga irin jirgin nan ba, ga yadda abin yake. Duk inda zai tsaya, kamfanin jirgin yana da nasa jerin yawon da yake sayarwa, ko kuma ka nemi mai kai ka da kanka a waje. Nasu yana da tsada. Zuwa gaɓar Phang Nga, kusa da Phuket, da na duba ya haura dala 100 kowane mutum, ka ninka sau shida. Kuma babbar bas ce ake cika ta, a yi ta sauri, Hajiya kuwa ba ta iya doguwar tsayuwa. Wannan ne dalilina, kuma har gobe ina ganin dalili ne mai kyau. Ba rowa ba ce. Masu cewa araha ba ta ado su sani ba arahar na bi ba, sauƙin tsohuwa na bi.

Abin da Hajiya take son gani ɗaya ne, Koh Panyee, da ke cikin ruwan Phang Nga ɗin nan. Ƙauyen masunta ne Musulmi da aka gina a kan turaku a tsakiyar ruwa, jingine da wani ƙaton dutse, yana da masallaci mai ƙubba ruwan zinare da ake hangowa tun daga nesa, har da filin ƙwallon da ke shawagi a kan ruwa. Tun da na nuna mata bidiyonsa ta ce, "Dakta, in dai da hali, ina so in yi ko raka'a biyu a masallacin nan." Ba ta tambayi tsibirin da ake kira James Bond ba, wanda aka ɗauki fim a cikinsa a 1974 kuma kowa ke rububin hoto a gabansa. Masallacin kawai.

A wani zauren Facebook na Musulmi matafiya na ga ɗan damfarar. Na rubuta tambaya, mutum uku suka ambaci shafinsa. Yanzu na gane ukun nan ko dai shi ne, ko mutanensa, domin na koma na duba, babu wanda ya taɓa rubuta komai a zauren in ba yabonsa ba. A lokacin kuwa ina zan sani? Shafi ne mai hotuna fiye da ɗari, iyalai cikin hijabi a kan jirgi, faranti cike da kifi da shinkafa, takardar lasisi a manne a sama. Ni ba yaro ba ne. Ni ne mai zaunar da sababbin ɗalibai in ja musu kunne kan masu damfarar hayar ɗaki. Na duba. Wallahi na duba.

Muka koma WhatsApp. Saƙon murya ya turo, da cikakkiyar sallama har wa barakatuhu, yana kirana akhi, yana haɗa Turanci da Malayanci. Ya ce mahaifiyarsa 'yar Koh Panyee ce. Ya faɗa mini lokacin azahar a can ba tare da na tambaya ba. Duk wannan bai sa na tura ko sisi ba, sai da ya yi tambayar nan. Ya ce, a cikinku akwai dattijuwar da hawa ke yi wa wuya? Na ce akwai, mahaifiyarmu tana fama da gwiwa. Ya ce to ba zai sa mu a dogon kwale-kwalen nan na katako ba, zai kawo mai matakala, kuma yaronsa zai riƙe mata hannu, don shi ma yana da uwa.

Shi ma yana da uwa. A nan ya gama da ni. Na saurari saƙon nan ya fi sau talatin tun da muka dawo, ina neman inda muryarsa ta yi rawa, ko inda ya yi wata 'yar dariya, ko wani abu da ya kamata kunnena ya kama. Babu. Har na sa wa uwargida ta ji a daren, ta ce, "Abban yara, wannan mutumin kirki ne." Minti goma bayan haka na tura baht 9,000.

Mun isa Phuket da safe. Jirgin bai matso gaɓa ba, can cikin ruwa ya tsaya daura da Patong, wani gari a bakin tekun Phuket, sai ƙananan jirage ke jigilar mutane zuwa tudu, kuma waɗanda suka sayi yawon kamfanin jirgi su ake fara fitarwa. Mu sai da muka karɓi lamba muka jira. Na tashi kowa tun asuba. Hajiya ta sa sabon mayafinta, ta naɗe 'yar dardumarta ta sa a jaka.

Af, na tsallake na biyun. Baht 5,000 ɗin a Penang na tura, ana gobe za mu isa, lokacin layina na Malesiya yana aiki. Ya ce kuɗin shiga gandun Phang Nga ne da na mai, wai in ba a biya da wuri ba za mu yi layi a rana da tsohuwa. Tsohuwar dai ya sake kawowa. Gaskiya ne wurin gandun gwamnati ne kuma baƙi na biyan kuɗin shiga, na san da haka, shi ya sa ban ga abin zargi ba. Abin da na gani na kau da kai shi ne sunan asusun. Tun a na farkon ma sunan da ke kan asusun bankin daban yake da na shafin, sunan mace ne. Na tambaya kuwa, kada wani ya ce ban tambaya ba. Ya ce na matarsa ne, ita ke riƙe lissafi. Mutum nawa muka sani a gida da ke karɓar kuɗin kasuwa ta asusun matansu ko ƙannensu? Na ce in biya da kati, ya ce su ƙananan 'yan kasuwa ne, cajin kati yana cinye ribarsu. Na yarda. 9,000 da 5,000, duka ta tura kuɗi kai tsaye, hanyar da in kuɗi ya tafi ya tafi ke nan.

To muna tsaye a bakin gadar da ake sauka a Patong, masu riƙe da alluna da sunayen mutane sun cika wurin, ina bi ɗaya bayan ɗaya ina neman sunana. Alƙawari ƙarfe 9. Na kira shi, ya ɗauka, ya yi dariya ya ce akhi agogonka na Singafo ne, Tailan tana baya da awa ɗaya. Kuma haka ne, awa ɗaya ce tsakani. Har haƙuri na ba shi. Ni na ba shi haƙuri! Muka samu inuwa muka zauna awa guda. Da tara ta yi a agogon Tailan, ya ce direba na hanya, cunkoso ne. Tara da rabi, ya ce taya ta yi faci. Goma saura, ya ce ya samo wata motar amma mai ita yana son baht 2,000 a hannu kafin ya taso, in tura zai mayar mini da yamma.

Na buɗe manhajar banki. Ina faɗa ne don ku san yadda abin yake kama mutum. Na riga na zuba 14,000, yara na kuka da zafi, Hajiya na zaune a kan wani dakali, sai ka ji 2,000 ba komai ba ce in dai za ta fitar da kai kunya. Ƙanin uwargida ne ya dafa hannuna ya ce, "Yaya, ka ce ya turo hoton motar da lambarta tukuna." Na rubuta masa haka. Ya karanta. Daga nan hotonsa ya ɓace daga WhatsApp, saƙona na gaba ya tsaya a alama ɗaya. Ya yi layar zana.

Ban san yadda zan kwatanta muku tsayuwar nan ba. Duk wanda ya san Patong ya san ba wurin da za ka ajiye surukuwarka awa uku ba ne, bakin ruwa ne da mutane ke yawo kusan tsirara. Ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na matsa na durƙusa zan yi mata bayani, ta riga ni, ta ce, "Dakta, bar shi, Allah bai nufa ba. Ka nema wa yaran nan ruwa." Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Na kira 1155, lambar 'yan sandan masu yawon buɗe ido ta Tailan, kuma sun saurare ni da Turanci, ba su wulaƙanta ni ba. Abin da suka fara tambaya shi ne lambar lasisi, domin a ƙasar duk mai kai baƙi yawo dole ya yi rajista da hukumar yawon buɗe ido ya samu lamba. Na nuna hoton da ke shafinsa. Lambar ta gaske ce, amma ta wani kamfani ce daban da bai san da zamansa ba. Hotunan iyalan nan masu hijabi ma, daga baya na gano wasu a shafukan mutane daban daban. Sata ce tun daga sama har ƙasa. Na ba da rahoto, na ba da lambar asusun, bankina kuma ya ce tunda ni na tura da hannuna sai dai su rubuta ƙorafi.

Wasu za su ce me ya hana ku ɗauki wani jirgin a nan take, ga masu talla birjik. Lokaci ne. Daga Patong sai ka ratsa tsibirin zuwa ɗaya gefen kafin ka kai inda jiragen Phang Nga ke tashi, tafiyar kusan awa guda a mota, sannan ta ruwa, sannan dawowa. Rana ta riga ta yi tsaka. Jirginmu yana jiran waɗanda suka fita ta hannunsa in sun makara, amma wanda ya fita da kansa ba a jiransa, kuma fasfo ɗinmu duka suna hannun ma'aikatan jirgin. In kwana a Tailan da tsohuwa da yara biyu ba fasfo, in nemi hanyar Singafo da kaina? Bayan 14,000 ɗin da ta riga ta tafi? Ban iya ba. Muka tambaya aka nuna mana wani masallaci a cikin garin Patong, a nan ta shimfiɗa dardumar da ta naɗo.

Da daddare a wurin cin abinci muka haɗu da wasu iyali 'yan Indunisiya da suka bi yawon kamfanin jirgi. Matar ta miƙo wa Hajiya waya tana nuna mata hoton ƙubbar masallacin Koh Panyee. Hajiya ta daɗe tana kallo, ta ce masha Allah, ta mayar mata. Ban iya ƙarasa abincina ba.

Kada ku tura wa kowa kuɗi ta asusu kafin ku gan shi. Kati, ko ku biya a hannu bayan kun shiga mota. In sunan asusu ya saɓa da na kamfani, ku gudu. Lambar lasisi ku kira ainihin kamfanin ku tabbatar. In kuna da tsoho ko wurin da nisa, ku sayi na jirgin kawai.

Sallama da akhi da lokacin azahar, duk kayan aikinsa ne, da su yake farautar irinmu, kuma wannan ya fi kuɗin ƙona mini rai. Ko da yake kuɗin ma yana ƙona mini rai, baht 14,000 guminta na sani, wata nawa na yi ina cire ta daga abin da ba ya isa. Allah ya isa tsakanina da shi, da matar da aka buɗe asusun da sunanta in ta sani, da ukun da suka yabe shi.

Ina da komai a ajiye: hirarmu ta WhatsApp daga sallamar farko, rasit biyu na 9,000 da 5,000, takardar lasisin da ya sata, da hoton shafin kafin ya canja suna da bayan ya canja. Zan saka su a daren nan in na gama rufe lambobina da na mutanen da ya saci hotunansu. Saƙon muryar ma zan saka, wanda yake tambayar gwiwar Hajiya, don duk mai shirin zuwa Langkawi ko Phuket ya ji muryar da kunnensa. Sakan arba'in da ɗaya ne.