Shagon bindiga mai lasisi a Amurka: abin da ɗan Damagaram zai tarar

'Yan uwanmu na Zinder da ke shirin zama Amurka suna yawan tambaya kan yadda ake sayen bindiga a can. Shago mai lasisin tarayya ya fi saye a hannun wani mutum kwanciyar hankali, ko da kuɗinsa ya ɗara. Mai katin zama na dindindin zai cika fom 4473, wato takardar gwamnati ta sayen bindiga, ya rubuta lambarsa ta baƙo da ke kan katin, mai shago ya tura sunansa ga binciken FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya. A dokar tarayya, mai sayen bindigar farauta sai ya kai shekara 18, ƙaramar bindiga kuwa 21. Mai bizar karatu ko ziyara kuwa an hana shi, sai dai in yana da lasisin farauta.

Inda ake tuntuɓe: adireshin katin shaida ya saɓa da gidan da kake. Nan take ciniki ya tsaya, sai in ka kawo wata takardar gwamnati mai nuna adireshinka na yanzu. Kuma don Allah kada ka saya wa wani da sunanka, laifin ɗauri ne.