Fitilar hazo da na saka wa motata a Jos, ga abin da na gani

Jama'a masu tambayata ko fitilar hazon nan ta LED da ake sayarwa a Dilimi tana da amfani, amsa ita ce eh tana da shi, amma ba irin yadda masu shago ke zuzuta ta ba. Ni mai ruwan ɗorawa na saya guda biyu, ta Chana ce, ta zo da wayoyinta da makunni da rile (ɗan akwatin da ke sakar wa fitilar wuta daga batir) a kwali ɗaya, mai wayarin ya ɗaura min a ƙasan bamba.

Duk wanda ke bin hanyar Jos zuwa Abuja da asuba tsakanin Disamba da Fabrairu ya san abin da nake nufi. Garin Jos yana sama da mita 1,200 daga teku, sanyi ga ƙurar hunturu ga hazo, kana gangara Hawan Kibo wani lokacin tirelar da ke gabanka ma sai ka kusa shinshinar ta kafin ka gan ta. In ka kunna babbar wuta abin ƙara lalacewa yake, don hasken na dukan ƙurar ne ya dawo maka ido, sai ka ga fari fat kawai. To ita wannan da yake a ƙasa take kuma haskenta a baje yake, tana nuna maka bakin kwalta da ramuka sosai, nan kam ta ci kuɗinta.

Inda na fi jin daɗinta wajen da ake aikin titi ne. Kun san halin wasu 'yan kwangilar namu, ba allo ba fitila ba mai tuta, sai dai a jera ganguna ko kankare a tsakiyar hanya a juya ku hannu ɗaya da masu tahowa, wani wajen ma tulin tsakuwa ne da tifa ta zube ta tafi abinta. Gangar da ke da ɗan kyalle mai walƙiya tun daga nesa fitilar ke kama ta, wadda babu kuwa sai ka zo dab.

Amma fa kar wani ya ruɗe ka da cewa wai ruwan ɗorawa na huda hazo, ba ya hudawa, ido ne kawai ba ya gajiya da shi kamar fari. Kuma nisan da take haskawa kaɗan ne. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 duk daƙiƙa ɗaya, kuma in ka ninka gudu nisan tsayawar birki sau huɗu yake ninkawa, to wace fitila ce za ta cece ka? Binciken da ake yi a Amurka kan wuraren aikin titi ma ya nuna haɗarin da ya fi yawa shi ne dukan baya, na gaba ya rage gudu na baya bai ankara ba.  Shi ya sa ni a ganina wutar bayanka da si-koshan ɗinka (alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a bayan mota in ta lalace) sun fi wannan fitilar muhimmanci, kuma su ne 'yan Rod Sefti za su tambaye ka.

Abin da bai min ba: ƙarfen da ke riƙe ta siriri ne, gargada kaɗan ta fara kallon sama tana kashe wa masu tahowa ido, dole aka sake ɗaure ta da wani noti. Ɗaya kuma ta fara tara raɓa a cikin gilashi. Wayar ma ba fis a jiki, sai da na ce mai wayarin ya ƙara min, ku ma ku tsaya a kansa ya saka kafin ya haɗa da batir. Lambar Rod Sefti ta gaggawa 122 ce, a ajiye ta a waya.