Madubi ko gwajin DNA wajen gane ƙwaro mai tona ƙasa

Wanga baƙin ƙwaro mai sheƙi da muke tonowa a gona nan Sakkwato wasu na ce mishi buzuzu, alhali ɗan dangin Cydnidae ne, bakinshi kamar allura yana tsotsar saiwa, ƙafafunshi duk ƙaya saboda tona. Dangin dai ido ya isa, amma ainihin nau'in sai an sa madubin ƙara girma, har al'aurar namijin masana ke dubawa don nau'o'in sun yi kama da juna ƙwarai, aiki ne mai cin lokaci wallahi amma ba tsada. Gwajin DNA (ƙwayoyin gado) na gane nau'i da masanin halittu Paul Hebert ya gabatar a 2003 kuwa ƙafar ƙwaron ɗaya ta isa, sai dai kuɗi, kuma in nau'in bai shiga rumbun bayanan DNA ba to da mi za ka kwatanta? Ni madubin nan na fi yarda da shi gaskiya.