Na hau jirgin lilo a Kaduna, aka ɗauke wuta muna sama

Duk ɗan Kaduna ya san wurin wasan yaran nan, ba sai na kama suna ba. Kun san abin da suke karɓa a ƙofa lokacin Sallah, kun kuma san bayan ka shiga sai ka sake biya a gaban kowane lilo. Ba wannan ya sa nake rubutu ba. Jirgin nan da suka kafa a ƙarshen fili, mai gudu a kan dogo yana hawa yana gangarowa, shi na hau a Babbar Sallar nan, karo na farko a rayuwata, kuma akwai magana a bakina.

Shekara da shekaru ina kai yaran gidanmu yawon Sallah, iyakata in biya, in riƙe takalma da jakunkuna, in nemi inuwa. Bana 'yar yayata ta tasa ni gaba. A gaban ƙannenta ta ce, "Kawu, kai da ke hawa kan tankin ruwa kana walda, wai abin da 'yan firamare ke hawa kake tsoro?" Na ce ba tsoro ba ne, girma ne. Ta ce to a gwada girman. Na ciro kuɗi.

Bari in fara da alherinsa. Abin akwai daɗi, daɗin da ban taɓa zata ba. Da na ɗauka wahala ce kawai mutum ke saye da kuɗinsa.

Ni ɗan Panteka ne, walda da ƙira su ne abincina, saboda haka a layi ba masu ihu nake kallo ba, ƙarfe nake kallo. Ginshiƙan bututu ne masu kauri, an ɗaure su da manyan notuna a kan kankare. Waldar gaɓoɓin ta masana'anta ce, sumul, ba rami ba kumfa. Fenti ya fara tashi a wasu wurare, tsatsa ta leƙo, amma ta sama ce, ba ta ci jiki ba. Abin da ya fi kwantar min da hankali tayoyin ne. Kowane tarago tayoyinsa kashi uku: wasu a bisa dogo suna ɗauke da nauyi, wasu a gefe suna hana shi zamewa a kwana, wasu kuma ta ƙarƙashin dogon sun rungume shi, ko ya so tashi sama babu hanya. Na leƙa na sake leƙawa, ban ga inji a jikin taragon ba. Sarƙa ce kaɗai, da motonta a ƙasa, take jan shi zuwa tudun farko. Daga nan nauyinsa ne ke kai shi har gida. Shi ya sa tudun farko ya fi sauran tsawo, na gaba kuma kowanne sai ya ɗan rage. Na ce a raina, wanda ya ƙera wannan ya san aikinsa.

Wani matashi mai rigar ma'aikata, kunnensa ɗaya toshe da abin sauraren waƙa, shi ya danna mana ƙarfen da ke tokare cinya. Ya ce, "Baba, ya kama?" Ban kai ya ce min Baba ba, amma a bar wannan. Na jijjiga, na ji ya kama. Yarinyar ta tattare hijabinta ta danne da cinya, ita ta san kan abin. Ni kuwa ga hulata zanna a kai, sabuwa fil, ta Sallah. Ya kalle ta ya wuce, bai ce uffan ba.

Muka tashi. Bayanka a kwance, fuskarka na kallon sama, ƙarƙashinka kana jin ƙas, ƙas, ƙas, a hankali ƙasa na nisa. Tsawon bai wuce na bene hawa uku ba a ƙiyasina, amma in kana zaune a ɗan akwati ba rufi, hawa uku ba wasa ba ne. Saura ƙiris mu kai ƙololuwa aka ɗauke wuta. Kiɗan lasifika ya mutu, lilon dawakai ya tsaya, sarƙa ta yi tsit. Taragon ya ɗan ja da baya, bai kai taƙi guda ba, ya yi kau, ya tsaya cak.

Wata baiwar Allah a bayanmu ta saki salati, ɗanta ya fashe da kuka. 'Yar yayata, mai bakin nan, ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Ta ce, "Kawu, baya za mu koma?" Na ce ba inda za mu. Wannan ƙas-ƙas da muke ji tun daga ƙasa wani harshen ƙarfe ne a ƙarƙashin tarago, yana bi ta kan haƙoran da aka jera a tsawon hawan. In gaba ake yi sai ya riƙa tsallake su, in aka zo komawa baya sai ya cije, kamar sufanan nan mai ƙas-ƙas da makanikai ke ɗaure noti da shi. Ba ruwansa da wuta. Na ɗaga murya da gangan don matar ta ji, na ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, an riƙe mu." Bakina na bayani, gwiwata na rawa. Sanin ƙarfe bai hana ni karanta duk addu'ar da ta zo bakina ba.

To a nan ne raina ya ɓaci, kuma har yanzu in na tuna sai ya sake ɓaci. Wuta dai ana ɗauke ta a garin nan kullum, ba baƙon abu ba ne, ba wanda zai yi mamaki. Wurin da ke ɗora 'ya'yan mutane a sama ranar Sallah, yana karɓar kuɗin da yake karɓa, ta yaya zai dogara da wutar NEPA, janareta a kashe? Matashin nan ya ɓace, ko ƙeyarsa ba mu gani ba. Daga sama ina hango wani yana gudu da jarka ya nufi bayan wani ɗaki, wato ma sai a lokacin za a zuba dizal. Aka tayar da janareta ya yi tari ya mutu. Aka sake, ya sake mutuwa. Mutanen ƙasa kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar mu. Ga hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa bishiyoyin mangwaro, mu kuma muna zaune a kan tulin ƙarfe da ya fi komai tsawo a wajen. Duk wanda ya san damina a Kaduna ya san abin da nake tunani a lokacin. Mun fi minti goma a haka. A cikin ma'aikatan wurin babu mutum ɗaya da ya ɗaga kai ya ce mana sannu. Wanda ya kewaye baki da hannu ya ƙwala mana "Ku yi haƙuri, yanzu za a kawo!" mai gugguru ne. Allah ya yi masa albarka.

Da janareta ya kama, ba sanarwa ba komai, sai ji muka yi sarƙa ta fizge mu. Kafin Hajiya ta ƙarasa salatinta mun leƙa ƙololuwa, dogo ya ɓace daga gabanmu, muka faɗa.

Jama'a, wannan gangarar! Hanjina ya taso ya tokare maƙogwaro, na ji na rabu da kujera, ƙarfen cinya ne kaɗai ya riƙe ni. Naman layyar da na ci da rana ya so ya dawo gaisuwa. Muna isa ƙasa wani nauyi ya danne ni, kaina ya ƙi ɗaguwa, sai kuma muka sake cillawa sama, muka kwanta a kwana har na ga ciyawa ta gefen kunnena. Ihu nake, ban san lokacin da ya koma dariya ba. Ni da yarinyar muna ta ƙyaƙyatawa, hawaye na bin gefen ido zuwa kunne. A kwana ta biyu iska ta yi gaba da hulata, ko ta kanta ban bi ba. Duka-duka gudun bai kai minti biyu ba birki ya kama mu. Na sauko ƙafafuna ba ƙwari, ina dariya ni kaɗai, har Hajiyar nan da ta rantse ba za ta ƙara ba tana murmushi. Da a wannan lokacin aka ce in ba da taurari, huɗu zan ba su ba tare da na yi tunani ba. Na manta da zaman saman gaba ɗaya.

Hula ce ta tuna min. Ina hango ta a cikin shinge, ƙarƙashin dogo. Na ce wa matashin ya taimaka. Ya ce ba a shiga sai an tashi, wanda gaskiyarsa ne, ni ma ba zan so a tura ɗan mutane ƙarƙashin tarago mai gudu ba. Sai kuma ya matso ya rage murya, wai in akwai na ruwa zai san yadda za a yi. Wato dokar tana nan daram har sai an ga naira. Na nemi babbansu. Na same shi a kan kujerar roba yana ƙirga tikiti. Na yi masa sallama, na ce, "Ranka ya daɗe, an bar mu a sama da yara, ba wanda ya yi mana magana." Bai ɗago ba ya ce, "Ai NEPA ce, Alhaji. Kuma ai kun sauko lafiya." Ko a ba yaron da ya yi ta kuka ruwan leda, ko a ce ku sake hawa kyauta, babu.

Da dare na kasa barci, na hau intanet ina duba yadda abin yake a wasu wurare. A nan na ga cewa tun 1884 wani Ba'amurke, LaMarcus Thompson, ya buɗe irinsa a Coney Island da ke New York, gudunsa bai fi kilomita 10 a awa ba. Tayoyin ƙarƙashin nan da suka burge ni, John Miller ne ya yi rajistar fasaharsu a 1919. Yanzu har an kai ga akwai wani a Abu Dhabi, Formula Rossa, da aka buɗe a 2010, yana kai kilomita 240 a awa, sai an sa wa mutum tabarau kafin ya hau. Namu na Kaduna ɗan jariri ne a gabansa, ko juya mutum kai ƙasa ba ya yi, kuma ni hakan ya ishe ni. Amma abin da ya tsaya min a rai, maƙera sun gama tunanin tsaron abin nan fiye da shekara 100 da suka wuce. Birkin ma a yawancinsu an yi shi ne yadda in wuta ta yanke sai ya kama da kansa. Matakalar da ake yi a gefen hawan farko kuwa don ma'aikaci ya hau ya yi wa mutane magana ne, in ta kama ya sauko da su ɗaya bayan ɗaya. Tamu tana nan, na gan ta da idona, siririya, ba wanda ya taka ta. Abin da ya rage wa masu wurin su yi bai wuce dizal da magana mai daɗi ba, shi ma ya gagara.

Tun da na fara tonawa, bari in ƙarasa. Akwai sandar awon tsawon yara a bakin layi, an jingine ta a bango, ban ga an auna ko yaro ɗaya ba, alhali ƙarfen cinyar in yaro ya cika ƙanƙanta ba ya kama shi yadda ya kamata. Allon gargaɗi rana ta cinye rubutunsa. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai juna biyu, mai ciwon baya, duk bai kamata su hau ba, amma ba mai faɗa maka, in dai ka miƙa tikiti shi ke nan. Muna layi rana na dukanmu aka zo da 'ya'yan wani mai hali ta ƙofar fita aka zaunar da su a gaba, kujerar da yarinyar nan ta ci wa buri. Wajen biya kuma wai na'urarsu ba sabis, sai ka je wurin mai POS da ke zaune dab da tagar tikiti ya cire nasa. Ku dai kun gane.

Saboda haka taurari huɗun nan na janye biyu. Biyun da suka rage na maƙerin ne da mai gugguru. Ƙannen yarinyar sun dame ni sai na kai su su ma sun hau, kuma ban ce a'a ba, don gangarar nan ina so in sake jin ta, wannan karon a kujerar baya, an ce can ta fi fizga. Amma ba ranar Sallah ba, ba kuma da hadari a sama ba, kuma kafin in ciro ko sisi sai na ji ƙarar janareta da kunnena. In za ku je, ku cire hula da tabarau, mata su danne gyale, waya ta shiga aljihu mai zif, kada kuma ku cika ciki.

Hular sai bayan magariba aka miƙo min ita, taya ta bi ta gefenta, giris ya yi mata baƙin layi. Mai wankin hula na Tudun Wada ya juya ta ya sake juyawa, ya ce zai gwada amma bai yi alkawari ba, kuma kuɗin wankin daban ne da na kullum.